Lomar Sabon Gero

Shekarar da na fara aiki a ɗakin shan magani, ban yarda akwai ciwon da zai gagare ni ba. Shekarata ashirin da biyu, ina da farar riga mai aljihu uku, ina da keke sabo fil wanda nake kaɗa wa ƙararrawa ko da babu ko akuya a kan hanya. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowane ɗan makaranta yana tafiya kamar shi aka damƙa wa ƙasar, ni kuwa nawa ya fi na kowa. Aka turo ni wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Ɗaki biyu ne da rumfar kara a gaba, ɗaya na magani, ɗaya na kwantar da wanda ba zai iya komawa gida ba.

Mu biyu ne ma'aikatan. Ni ne malamin asibiti, sai wata dattijuwar ungozoma da kowa ke kira Iya. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke tafasa allurai, ita ke kuma sauke mini girman kai kowace safiya ba tare da na roƙe ta ba. Likita sau ɗaya yake leƙo mu a wata, ya duba waɗanda suka fi ƙarfina, ya sha ruwa, ya wuce.

Abin da na fi so, har fiye da keken, shi ne wani littafin rubutu mai baƙin bango. Lokacin da muke koyon aiki a Zariya, wani malaminmu ya taɓa faɗa a ƙarshen darasi, yana tattara takardunsa, cewa akwai ciwon da firgita ko baƙin ciki ke sa wa jiki, a duba mutum ciki da bai a rasa komai, alhali ciwon na gaske ne. 'Yan ajinmu hamma suke yi, don lokacin cin abinci ya yi. Ni kuwa maganar ta shige ni. Na bi shi har bakin ƙofa ina tambaya, ya ce shi ma iyakar saninsa ke nan. Ranar na sayi littafin, na ce sai na cika shi da masu irin wannan ciwon. In mutum ya zo ya ce zafi na yi masa yawo daga ƙeya zuwa tafin ƙafa, ko ya ce tururuwa na tafiya a cikin kansa, sai murna ta kama ni, in jawo kujera in dame shi da tambaya. Bayin Allah allura suka zo nema, su tarar da hira. Iya ta raɗa masa suna littafin gulma.

Gero ya nuna, an fara girbi, ko'ina ka bi a ƙauyen ƙanshin tumu kake ji, sai ga wani dattijo Bamaguje ya jawo jaki da matarsa a kai. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, da ganin hannuwanta ka san fartanya ta san su. Amma idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, da muka kama ta za mu sauke sai na ji ba ta da nauyi. Mijin ya ce kwana tara ke nan tuwo bai wuce maƙogwaronta ba. Ruwa ma sai ta kurɓa ta riƙe a baki, kaɗan ya wuce, sauran ya dawo. An kai ta wurin wanzami ya cire mata belu, an yi ƙaho, an sha saiwoyi, an yanka baƙin akuya a gindin itacen da suke yanka, duk a banza.

Na ce mata, "Baba, ina ne ke yi miki ciwo?"

Ta ɗora yatsa a ramin wuyanta. Ta ce, "Ba ciwo ba ne. Abu ne ya tsaya nan. Bai hawa, bai sauka."

Na haska tocila, na danne harshe, na lalubi wuya ta ko'ina. Babu kumburi, babu gyambo, babu zazzaɓi. Allah ya gafarta mini, raina fari tas ya yi. Mace tana gabana yunwa na neman kashe ta, ni ina ji a raina cewa yau littafina ya sami abin da yake jira.

Aka yi sa'a washegari ranar zuwan likita ce. Ya duba ta, ya sake dubawa, ya ce shi ma bai ji komai ba, sai dai a kai ta babban asibiti a Zariya inda ake da kayan leƙa cikin maƙogwaro. Mijin ya saurara har aka gama fassara masa, don likitan ba ya jin Hausa, sa'an nan ya girgiza kai. Ya ce ba za a kai masa mata garin da ba ta da kowa a yanka ta ba. Zai bar ta a hannunmu zuwa ranar kasuwa, in babu sauƙi ya mai da ta gida, abin da zai same ta ya same ta a ɗakinta. Kwana huɗu ya rage kasuwa ta ci. Da likita zai shiga mota ya ja ni gefe ya ce in ta koma gida a haka, ba ta kai wani girbin ba, ba ta ma kai ƙarshen watan ba.

Motar na tashi na jawo tsofaffin littattafan da ake rubuta sunayen masu zuwa shan magani, waɗanda wanda na gada ya bari a ƙarƙashin tebur, gara ta fara yi musu ɓarna. Ban san me nake nema ba. Ina ta buɗawa, sai ga ta a na bara, sunanta da na unguwarsu, an rubuta ciwon maƙogwaro, an ba ta ruwan kurkure baki. Na jawo na bara waccan. Ga ta nan kuma. Wata ɗaya, kusan mako ɗaya, lokacin girbin gero. Na duba na shekarar da ta gabaci wannan daga bango zuwa bango, babu ita.

Na fito a guje da littattafan a rungume, na tarar da Iya tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar allurai.

"Iya! Shekara uku a jere! Duk da sabon gero!"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Sannu da aiki, malam. Ka gano ana girbe gero duk shekara."

Ban bi ta tata ba. Na ɗauki littafina na shiga wurin matar da jerin tambayoyin da na tsara tun ina Zariya, waɗanda nake taƙama da su ƙwarai, don har lamba na sa musu. Gobara ta taɓa kama gidanku? A'a. Ɓarayi sun taɓa shigar muku? A'a. Kuna zaman lafiya da maigida? Ta harare ni, na rubuta lafiya. Iyaye fa? Sun daɗe da rasuwa, tun tana amarya. Na zo kan tambaya ta tara, na ce 'ya'yanta nawa. Ta ce Allah ya ba su daidai gwargwado. Na nace sai ta lissafa mini, don gurbin da na bari na lamba ne. Sai ta lanƙwasa yatsu: mace tana aure a wajen Musawa, namiji yana gida, wata macen, sai auta. Na ce duk suna raye? Ta ce waɗannan duk suna nan. Na rubuta huɗu, duk suna raye. Na fita na tambayi mijin ko wani abin tashin hankali ya taɓa samun matarsa shekara uku da suka wuce. Ya dubi ƙasa ya ce ita dai lafiyarta lau sai wannan.

Tunda babu komai a zuciya, na ce to geron ne da kansa. Washegari da sassafe na hau keke na nufi gidansu, ina taka shi kamar ana bina. Gida ne babba a tsakiyar gonaki, rumbuna jere, ko'ina a share, kowane ɗaki da sabuwar jinka. Ɗaki ɗaya ne kawai a gefen gabas jinkarsa ta rufta, ciyawa ta fito a bakin ƙofar. Na tambayi wata mata da ke sussuka na wane ne, ta ce na wani ne, ta ci gaba da sussukarta. Ni kuwa hankalina na kan rumbu. Na leƙa rijiya, na shinshina tukwane, na ɗauro damin gero a bayan keke na dawo da shi ina jin kamar na kamo ɓarawo. Na zuba wa kajin Iya, na zauna a kan turmi da littafi a cinya ina jiran in ga wadda za ta shaƙe. Suka cinye tas, suka biyo ni suna neman ƙari. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in na ga dama gobe in gwada musu shinkafa.

Kwana biyu suka tafi a haka. Matar kuwa ta daina tashi zaune sai an tallafe ta.

A rana ta uku, da hantsi, ina zaune a rumfa ina karanta abin da na rubuta da ƙarfi, ko zan ji inda na kauce. Iya tana gefe tana ninke tsummoki. Na zo kan "ta haifi huɗu, duk suna raye", sai ta tsaya.

"Wa ya ce maka huɗu?"

"Ita da bakinta."

"Ka tambaye ta na farin?"

Na koma kan littafin ina dubawa.

Ta ajiye tsumman. Ta ce, "Kai ɗan wane gari ne? Wace uwa ce za ka ce ta lissafo maka ɗiyanta ta sa na fari a ciki? Ko uban ba ya yi. Biyar ta haifa. Babban nasu, ruwa ya ci shi, damina uku ke nan, yana dawowa daga kasuwar Kafur rafi ya kawo. Saurayi ne, har an fara yi mashi maganar aure. Duk matan da ke zuwa rijiya sun san wannan."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce, "Iya, kin sani kika yi shiru?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Kai da littafinka kuke shawara. Kuma ina ruwan wanda ruwa ya ci da maƙogwaro?"

Gaskiyarta. Ita tana da labarin mutuwar ba ta ga haɗinsa da ciwon ba, ni ina da watan da ciwon ke zuwa ban san an yi mutuwa ba, kuma kwana uku muna wuni a rumfa ɗaya. Ɗakin nan mai ruftacciyar jinka ya faɗo mini a rai.

Yaran yanzu da ke jin uwa ta kira ɗanta na fari da sunansa a gaban mutane ba za su gane nauyin abin ba. A lokacinmu, Musulmi da Maguzawa duk ɗaya ne a nan. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in ana maganarsa sai ta tashi ta kama wani aiki. In ya yi ciwo wasu ke jinya. In ya mutu wasu ke kuka, ita a ga ta daure, a yaba mata. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni kaina ɗan fari ne. A hannun kakata na tashi a Bakori, ita nake kira Inna, wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata. Na san wannan al'ada tun ban san harafi ba. Na je Zariya na koyo tambaya mai lamba, na dawo na yi wa Bahaushiya ita, na rubuta amsar na ja layi a ƙasa.

Kunyar ba ta daɗe ba murna ta danne ta, kuma murnar ce ta kai ni ga kuskure na biyu. Na faɗa ɗakin kamar an jefo ni, mijin yana zaune a bakin ƙofa, wasu mata biyu 'yan dubiya suna ciki. Na ce, "Baba, na gano ciwonki! Ashe ɗanki na fari ne ya rasu da sabon gero!"

Matan suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta juya fuskarta bango, ta ja zane ta rufe kanta. Mijin ya tashi a hankali, ya kakkaɓe warkinsa, ya ce ba sai ranar kasuwa ba, gobe da safe zai ɗauki matarsa, tunda abin ya koma cin fuska. Iya ta jawo ni waje ta wanke ni tas.

Da la'asar hadari ya haɗo, 'yan dubiya suka gudu gida, mijin ya tafi neman inda zai ɗaure jakinsa. Iya ta dama koko mai ruwa-ruwa kamar yadda take yi kullum ko za a dace, ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in kai, in kuma bar littafin a waje. Na shiga na zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Har yanzu fuskarta na bango. Ba ni da wata dabara da ta rage. Tsoro nake ji, don na san gobe in ta hau jakin nan ni na kore ta.

Na ce, "Baba, ki yafe mani. Rashin hankali ne."

Ba ta juyo ba.

Ban shirya abin da ya biyo baya ba, babu kuma malamin da ya koya mini. Na ce, "Ni ma ɗan fari ne. Shi ya sa ban san komai ba game da uwa. Tawa ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar da zan tafi Zariya kowa ya fito rakiya, ita tana daka, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na dawo da takardar gama karatu, ta ce a gaya wa yaron nan ya kau da kekenshi daga hanya. Na daɗe da sanin ba ta damu da ni ba, na haƙura."

Zanen ya motsa. Ta juyo da ƙyar, ta dube ni da idanun nan da suka faɗa, ta ce da wata dasasshiyar murya, "Ashe kai wawa ne."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Ta yi magana! Na kame bakina kada murnar ta fito ta ɓata komai.

Ta ce, "Da karatun naka da farar rigarka. Wa ke zuba maka tuwo in ka je gida?"

Na ce kakata ce ke kawo mini.

"Kawowa na ce ko zubawa? Ba ka taɓa tona ƙasan tuwon ka iske tsoka ba? Ka ɗauka tsohuwa ce ke ɓoye maka? Ranar da za ka tafi, tana daka ka ce. Me take dakawa da sassafe? Ka duba turmin? Babu komai a ciki, yaro. Tana bugawa ne don kada a ji numfashinta. Kuma kuna fita za ta yar da taɓaryar ta zagaya bayan ɗaki, akwai inda ta ɓula a jikin danga daidai idonta. Nan za ta tsaya har ka ɓace. Duk ranar da ya fita nan nike tsayawa. Ko gona za shi. Shi bai sani ba, bai taɓa waiwayowa ba, tafiya yake yi kamar ubanshi, kafaɗa ɗaya a sama."

Ba ta lura ta bar maganar uwata ta koma tata ba. Ni na lura, na ƙura wa ƙwaryar ido don kada ta ga fuskata ta tsaya.

Ruwa ya sauko a kan kwanon rufi, sai da na matso don in ji ta. Ta ce a gidansu ba a taɓa sabon gero sai maigida ya yi abin da ake yi ya buɗe, ranar kuwa gida duka ake haɗuwa a ci tuwon farko tare. Ranar ce ɗan nata ya tafi kasuwa. Ta tuƙa tuwon da kanta, ta ɓoye masa nasa a ƙarƙashin faifai, da cinyar zabo a ƙasa. Ana cikin ci, ta kai loma baki, sai ga mutum ya shigo jiƙe sharkaf ya tsaya a tsakar gida ya faɗi abin da ya faru.

Ta ce, "Kowa ya juyo yana dubana. Surukata tana nan, matan ƙannen maigida suna nan. Lomar tana bakina. In na tofar, sun gani. Sai na haɗiye. Na sake yanko wata na haɗiye. Na tashi na kwashe kwanoni. Wadda ta goya shi tana birgima a ƙasa, ni ina wanke-wanke. Aka ce kai, wance akwai dauriya." Ta ɗora yatsa a ramin wuyanta. "Ba ta sauka ba. Tana nan."

Na ce, "Baba, nan babu surukarki. Ni kuwa wawa ne, ke kika faɗa. Ba a jin kunyar wawa."

Ta buɗe baki kamar za ta sake zagina, sai wani sauti ya fito wanda ban taɓa jin irinsa ba, kuma na yi shekaru ina jin kuka a wurin aiki bayan nan. Iya, wadda ashe tana bayan ƙofa tun ɗazu, ta shigo ta tura ƙyauren da ƙafa, ta zauna ta rungume ta. Mijin ya dawo a guje cikin ruwa, Iya ta leƙa ta ce masa aikin mata ake yi, ya je ya ga jakinsa. Bai tafi ba. Ta tagar na hango shi tsaye a rumfa, ya juya mana baya, kafaɗunsa na motsi.

Ta yi kuka har ruwan ya tsagaita. Da ta lafa, ta share fuska da gefen zane, ta dubi ƙwaryar da ke hannuna ta ce kokon nan ya huce, wa zai sha wannan. Iya ta fita da gudu, tsohuwa da ita, ta ɗumamo. Ta kurɓi ludayi ɗaya. Muka zuba wa wuyanta ido, ni da Iya, muka ga ya motsa. Ta sha na biyu, ta sha na uku, ta ce ya isa, kuma babu ko tsamiyar kirki a ciki.

Na fita waje na rasa abin da zan yi da jikina. Na kama hannun mijin ina girgizawa, na zagaya ɗakin shan maganin sau biyu cikin taɓo, na je na kaɗa ƙararrawar kekena ba dalili. Farar rigar nan ba ta ƙara komawa fara ba.

Ba a ranar ta warke ba. Kwana goma ta ƙara a wurinmu, daga koko zuwa kunu, daga kunu zuwa fate, tuwo kuwa sai da ta koma gida. Har ta tafi ba ta faɗi sunan ɗan nata ba, ni ma ban nema ba. Da gero ya sake nuna sai ga ta da ƙafarta, da tumu a ƙunshe, ta ce wuyan ya ɗan fara yi mata nauyi, ta zo ta ga ko na yi hankali. Ta zauna muka rufe ƙofa, ta ba ni labarin yadda yake kama kifi da hannu tun yana ƙarami, ta yi hawaye kaɗan, ta tashi ta tafi gona.

Littafin nan mai baƙin bango shi ya mai da ni makaranta, ya kai ni inda ban taɓa zato ba. Sauran rayuwata na yi ta ne ina binciken yadda abin da mutum ya gani ya kasa faɗa yake samun wurin zama a jikinsa, a wuya ko a ƙafa ko a ciki, da yadda yake tashi in lokacinsa ya zagayo. Na zauna da waɗanda suka dawo daga yaƙi, da waɗanda suka fita daga motar da ta kife su kaɗai. Har na bar aiki ban ƙara tambayar mace 'ya'yanta nawa ba. Sai dai in ce ta ba ni labarin cikinta na farko, in yi shiru in jira.

Amma a wancan makon ba bincike ne a raina ba. Ranar Asabar na hau keke tun da safe na nufi Bakori, ina tafe ina raba taɓo, ban tsaya ko shan ruwa ba. Na isa da azahar. Kakata ta yi ta murna tana tsokanata wai mijinta ya dawo ba ko tsaraba. Yaya tana bakin murhu, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban tukunya, ta ce wa ƙanwata a gaya wa wancan ya wanke ƙafa kafin ya taka mata tabarma. Aka kawo tuwo. Na sa yatsa na tona ƙasa, na ji ƙundun kaza da hanta. Duk shekarun nan ina cinyewa ina yi wa kakata godiya, ita kuwa tana karɓa.

Washegari na yi sallama. Kowa ya fito zaure, ita tana ciki, ina jin taɓarya na sauka a turmi. Na hau keke na bi hanyar da ke wucewa ta bayan gidanmu. Sautin dakan ya ɗauke. Na ci gaba da takawa har gindin tsamiyar da hanya ke karkata, ina tsoron in juya in ga kara kawai. Na taka birki, na sa ƙafa a ƙasa, na waiwaya.

A jikin dangar, daidai tsayinta, akwai wurin da aka raba kara biyu, gefensu ya yi santsi don yawan taɓawa. Akwai ido a wurin. Muka dubi juna, ba ta kauce ba, ni ma ban kauce ba. Na kaɗa mata ƙararrawa sau biyu. Sai karan suka koma suka haɗe, jim kaɗan na ji taɓarya ta ci gaba da sauka a turmin da babu komai a ciki.